Albishir a Wayar Sakatare

Mu biyar ne a shagonmu na kafinta, amma babbar waya guda ɗaya ce, kuma tawa ce, da gumina na saye ta. Maigida, mai shagon, yana da wata 'yar ƙarama mai maɓallai da ya ɗaure da roba, wai shi kira yake yi, ba kallo ba. Tun ranar da na ɗauki hoton wani gado da muka haɗa na tura wa wata mata, ta ce a yi mata irinsa biyu, wayata ta zama ofis. Awon ƙofofin mutane yana cikinta, hotunan kujeru suna cikinta, lambar mai kawo mana katako ma can take. Ni kuwa sunana ya ɓace, kowa sai Sakatare. Ina wanka a kira, ina cin abinci a kira, har matata ta kan miƙo mini ita ta ce, "Ga shagonku nan yana kuka."

Ranar da nake ba ku labari abubuwa biyu suka haɗe mini. Na farko, shugabar wata sabuwar makaranta ta ce ƙarfe sha ɗaya za ta kira mu ta bidiyo ta ga samfurin teburan ɗalibai da muka yi, in sun yi mata ta ba mu aikin azuzuwa tara. Kwana huɗu Maigida bai yi maganar komai ba sai wannan. Har share shago aka yi, abin da rabonmu da shi na manta. Na biyu, da hantsi, ina tsaka da goge ƙafar tebur, surukata ta kira da wayar matata ta ce naƙuda ta tashi, suna hanyar asibiti.

Shekararmu bakwai da aure. Sau biyu muna sa rai abin yana zubewa, wannan ne karo na farko da ciki ya kai watanninsa. Na yar da abin da ke hannuna na fara neman takalmina, alhali yana ƙafata.

"Maigida, naƙuda ce! Na tafi!"

"Allah ya sauke ta lafiya! Maza jeka, jeka!" Har na kai ƙofa sai na ji muryarsa ta sauko ƙasa. "To... wayar fa, Sakatare?"

Na tsaya. Dogo mai fenti ya tsaya da buroshi a sama. Gaskiya raina ya ɓaci, amma da na dubi fuskar mutumin nan sai tausayi ya kama ni. Shi ya koya mini riƙe zarto, shi ya tsaya mini lokacin aurena, ga shi yau ya sa sabuwar riga saboda kiran bidiyo. Na ce a raina, ai asibitin zan je da ƙafata, me zan yi da waya ina tsaye a bakin ƙofa? Na cire mata makulli, na nuna masa inda zai taɓa in kira ya shigo.

"Kore za ka ja, Maigida. Kore. Kada ka taɓa ja."

"Yo ni yaro ne? Tafi abinka."

Na hau babur na tafi. Ban san yadda na isa ba, na dai tuna na yi wa wani mai mota sannu da aiki a kan titi ba gaira ba dalili.

A asibitin ne na gane wautar da na tafka. Ɗakin haihuwa yana bene, a ƙasan matakala kuma an ajiye wani mai gadi mai faɗin ƙirji wanda fuskarsa ba ta san dariya ba. Ya ce maza ba sa hawa. Ya nuna mini wani dogon benci a gindin bishiya, inda maza uku suke zaune kowa ya zuba wa wayarsa ido.

"Malam, matata ce a sama. Haihuwar fari."

"Duk waɗannan ma matansu ne a sama. Zauna, za a kira ka a waya."

"Ai ba ni da waya."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, da garin katako a gashina da fensir a bayan kunne. "To ka zauna haka nan."

Na zauna. Da farko ma bencin na fara bincika, saboda hali ba ya barin mutum: an buga masa ƙusa a inda bai kamata ba, ƙafa ɗaya tana rawa. Na miƙe, na zagaya bishiyar, na dawo. Duk nas ɗin da ta sauko sai na tare ta, ita kuma ta ce ba sashenta ba ne. Surukata ba ta san na iso ba, ba ta kuma san wayar ba ta hannuna. Ina da tabbacin ba za ta bar gefen 'yarta ta sauko neman wani ba, tunda a saninta danna lamba kawai za ta yi.

Na kusa da ni a bencin wani direba ne, ya ce wannan haihuwa ta biyar ce a gidansa, shi ya sa yake cin gyaɗa hankali kwance. Ya ga yadda nake zumbur-zumbur ya miƙo mini wayarsa.

"Ɗan'uwa, kira su mana ka huta."

Na karɓa da godiya, na ɗora yatsa, sai na tsaya. Lambar matata ban haddace ta ba. Shekara bakwai ina kiranta kullum, sunanta kawai nake taɓawa. Na san farkonta, na san akwai bakwai biyu a wani wuri, shi ke nan. Ta Maigida ma haka, ta Dogo ma haka. Lamba ɗaya tak ce a kaina duk duniya, tawa. Direban ya yi dariya har gyaɗa ta sarƙe shi.

Na kira tawa. Ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Na duba agogon direban, sha ɗaya da minti goma, wato Maigida yana can yana zagaya tebur da waya a hannu, ba zai kula wata baƙuwar lamba ba. Na sake kira, shiru. Na mayar masa da abarsa na koma na zauna.

Daga nan tsoro ya fara shigata sosai. Na tuna waɗancan karo biyun, yadda aka fito aka ce mini sai haƙuri. Na ce ko yanzu haka ana nemana a sa hannu a wata takarda, ko ana buƙatar jini, ni kuma na bar wayata tana tallan tebur. Wallahi na tsani kaina a lokacin, na tsani teburan, na tsani azuzuwa taran gaba ɗaya. Wayar ɗaya daga cikin mazan ta yi ƙara, ya miƙe yana hamdala, muka yi masa barka. Ni bakina kawai ya yi barkar.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba, sai na ji wani hon da ko a mafarki na san shi. Tsohuwar motarmu ta ɗaukar kaya ce ta kunno kai ƙofar asibiti, da samfurin tebur ɗaya har yanzu a bayanta, ɗaya daga cikin abokan aikinmu yana tuƙi, Dogo da ɗayan suna tsaye sun riƙe teburin suna ɗaga mini hannu. Mai gadin ƙofa yana ta daka musu tsawa. Kafin motar ta gama tsayawa Maigida ya diro, mutumin da kullum yake kukan gwiwa, ya taho da gudu sabuwar rigarsa tana tashi, ya ɗaga wayata sama.

"Sakatare! Sakatare! Ta sauka! Ta sauka lafiya!"

Na zabura na miƙe daga kan bencin. Direban ya rungume ni kamar tare muka tashi. Dogo ya iso yana haki, kowa yana son ya riga kowa ba da labari.

"Muna tsakiyar nuna wa matar nan tebur," in ji Dogo, "sai ga kira ya shigo a sama, Maigida ya rikice ya danna..."

"Kore na ja!" in ji Maigida. "Kore ka ce! Sai na ji muryar surukarka, ko sallama ba ta jira ba, ta ce ta sauka, uwa lafiya, abin da aka samu lafiya. Na ƙwala ihu, ban san lokacin da na katse ta ba."

"Shugabar makarantar fa?"

"Ta dawo kan layi ta tarar muna tsalle," in ji Dogo. "Ta tambayi me ya faru. Da ta ji dalili ta ce me muke jira, mu kai maka wayarka, za ta kira gobe."

Ina dariya ina share ido, amma can ƙasan raina wani abu ya ɗan sosa ni. Shekara bakwai ina jiran wannan magana, ga ni zaune taku kaɗan daga ɗakin, amma sai da ta zagaya ta shagon kafinta, Dogo ya ji, mai kawo katako da ya zo wucewa ya ji, har wata shugabar makaranta da ban taɓa gani ba ta riga ni.

"To me aka samu?" na tambaya.

Suka dubi juna. Maigida ya goge fuskar wayar da gefen rigarsa, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Ba mu sani ba. Bayan na katse ta, ta turo saƙon murya. Ga shi nan, ba a buɗe ba. Wannan ja'irin ya kai hannu zai danna kafin mu hau mota, na buge hannun." Ya nuna Dogo da haɓa. "Na ce wancan mun riga mun ci maka shi, ba da gangan ba. Wannan kam naka ne."

Ya ja su Dogo suka koma gefe, har direban ya matsa can ƙarshen benci da gyaɗarsa. Na danna, na kara a kunne. Muryar surukata ce, tana dariya tana shessheƙa: "Ina ka shiga ne? Mace ce. Tsaya, tsaya ka ji ta." Aka yi 'yar ƙarar zane, sai ga wani siririn kuka mai kaifi, na wadda ranta ya ɓaci da duniya tun ba ta gama shigowa ba.

Sau uku na saurara. Da na ɗago, su huɗu suna tsaye a rana sun zuba mini ido, Maigida yana ta murza hularsa a hannu. Na yafito su da hannu. Sai kawai na ƙure ƙarar wayar, na ce su matso.