Lokotoron Gidan Alhaji Illo

Mounkaila bai taɓa buɗe baki ya yi wa Alhaji Illo ƙarya ba. Shiru kawai ya yi, shirun kuwa ya shekara biyu.

Ga yadda aka yi. A shekarar 1983 ya gama karatun likitan dabbobi a Lyon, ya hau jirgin ƙasa zuwa Paris don ya gaida Alhaji, mutumin garinsu Tahoua, mai shagon atamfa a unguwar Château Rouge. Ba gaisuwar kaɗai ta kai shi ba, akwai Sahadatou, 'yar Alhajin, wadda ya daɗe yana so. Alhaji ya karɓi takardar shaidar karatun nasa, ya juya ta, idonsa ya faɗa kan kalma ɗaya da ya sani a Faransanci, wato docteur. Nan take ya leƙa titi ya shaida wa mahauta da masu kitso cewa Allah ya ba su lokotoro, wato likita, na kansu. Mounkaila yana durƙushe, kai a sunkuye. Ta ina mai neman aure zai ɗago ido ya gyara wa uban yarinya magana a gaban jama'a? Ya ce bari sai gobe, goben kuwa ta ƙi zuwa.

Daga nan duk ƙarshen wata in ya zo daga Rillieux-la-Pape, inda yake haya kusa da Lyon, sai ya tarar da layi a bayan shago. Ga mai ciwon baya, ga mai ƙaiƙayi, har da wanda matarsa ta ce ya cika minshari. Shi dai ya rantse ba zai rubuta wa ɗan Adam magani ba. Sai ya taɓa goshi, ya ce a buɗe baki, ya duba haƙora da dasashi yadda hannunsa ya saba, ya ce a rage gishiri a yawaita shan ruwa. Abin haushi, mutane suka yi ta samun sauƙi. Sahadatou, wadda ta san gaskiya tun ranar farko, takan ce masa saura kawai ya ɗaga musu wutsiya. Shi ma yakan yi dariya, amma a gaskiya girman ya yi masa daɗi.

Wata Lahadi da rana ruwan sama ya kora shi cikin wani ƙaramin gidan silima a Lyon, inda ake nuna tsofaffin finafinan Amurka marasa launi. Labarin wani matashin likita ne da manyansa suka matsa masa ya rufe wani kuskure, ya ƙi, ya faɗi gaskiya, ya rasa aikinsa da budurwarsa. Mounkaila ya yi hawaye har tsohuwar da ke gefensa ta miƙa masa hankici. Ya fito yana jin kansa namijin duniya. Kafin ya kai tashar bas ya tuna batun budurwar, sai jarumtar ta ragu da rabi.

Washegari Sahadatou ta bugo masa waya, ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba. Ta ce babanta yana da gyambo a ƙafa mako uku ya ƙi warkewa, ga ƙishirwa ba dare ba rana, ya kuma ce ba shi ba asibiti tunda yana da lokotoro a gida.

"Mounkaila, wasa ya ƙare," in ji ta. "Ko ka faɗa masa, ko ni in faɗa."

A cikin jirgi ya tsara jawabi mai tsawo irin na likitan fim, har da inda zai dafa ƙirji. Da ya isa shago aka yi gaisuwa, aka tambayi Lyon da sanyinta, sannan Alhaji ya kwance ƙyallen da ke ƙafarsa. Kallo ɗaya Mounkaila ya yi mata ya gane. Wannan ba aikin rage gishiri ba ne. Ya ga alamar ciwon sukari, ya kuma san in aka ƙara mako ana jira, ƙafar ce za ta tafi. Tsoro ya kama shi, jawabin ya gudu bai bar ko kalma ba.

"Baba," ya ce, yana kallon ƙasa, "ni lokotoron shanu ne. Da tumaki. Ban taɓa karanta ciwon mutum ba. Ƙafar nan tana son asibiti yau."

Alhaji ya ɗago ya dube shi. Can ya nisa.

"Shi ya sa kake duba mana haƙora?"

"Shi ya sa, Baba."

"Har da na Hajiya Fatou?"

Hajiya Fatou uwar Sahadatou ce. Mounkaila ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Alhaji ya nuna da hannu a tsayar da tasi. Duk hanya fuskarsa na wajen taga. Mounkaila na gefe yana yi wa Sahadatou ban kwana a zuci, yana kuma jin haushin likitan fim, wanda ko da ya rasa tasa budurwar an dai buga masa kiɗa mai daɗi.

A asibiti wata nas ta tare su a bakin ƙofa, ta ce ɗan uwa na jini ko na aure kaɗai ke shiga da majinyaci. Mounkaila ya fassara, ya ja da baya don ya ba da hanya. Alhaji ya kamo hannun rigarsa, ya dogara a kafaɗarsa saboda ƙafar.

"Gaya mata kai surukina ne," ya ce. "In kuma ta tambayi aikinka, wannan karon ka buɗe baki."