Tunkiyar da Maiwada ya Karrama

Shekara biyu bayan samun 'yancin kai, lokacin da kowa a Likoro ya fara jin ya cancanci babban abu, Maiwada ya dawo daga kasuwar Makarfi yana jan tunkiya irin Balami. Fara ce sol, doguwa, an kawo ta daga can Borno, inda ruwan sama ke leƙowa ya wuce. Burinsa ta haifa masa garken manyan raguna, ya huta da tumaki 'yan ƙasa da ya gada, waɗanda a cewarsa da kaɗan suka ɗara kyanwa.

Matarsa Hajo ta ce lalle an yi baƙuwa, shi ma haka ya ɗauke ta. Abu ɗaya ya ɓata masa rai: tun da rani wani guntun ragon unguwa ya riga shi shawara, damina na sauka ta haifi ɗa namiji mai dogayen ƙafafu.

A gidan Maiwada ba a ba baƙo ragowa. Da aka fara ɗaure dabbobi saboda shuka, sai ya kwashe 'yan ƙasa daga bakin fadama, inda ciyawa ta fi laushi, ya mayar da su tudu mai tsakuwa. Turken fadama ya zama na mai jego. Kullum tun raɓa ba ta ɗaga ba yake kai ta da kansa. Shekara da shekaru 'yan ƙasa ke cin ciyawar nan, iyakarsu ɗan zawo su miƙe, to me zai tsorata?

Da marka ta kankama, ƙasan haɓarta ya kumbura. Maiwada ya ɗauka ƙiba ce, har ya kira maƙwabta kallo. Sai da ta kwanta ta ƙi tashi, jiƙon maɗaci da kanwa suka kasa, sannan ya hau keke zuwa Ikara ya ɗauko Malam Ya'u, malamin dabbobi.

Ya'u ya buɗe fatar idonta, ga ta fara kamar auduga. Ya ce tsutsar ciki ce ta shanye mata jini. A jiƙaƙƙiyar ciyawa take, tana hawowa da raɓa. 'Yan ƙasa sun san ta tun kaka da kakanni, cikinsu ya iya zama da ita. Baƙuwa kuwa ba wanda ya gabatar da su.

"To, Malam, da a tudu na bar ta fa?"

"Da wulaƙancinka ya fi yi mata amfani, Baba."

An ɗura mata magani, amma an makara. Washegari Maiwada ya sa wuƙa kafin ta zama mushe. Da aka farke tumbin, ga tsutsotsin nan damƙam kamar jan zare.

Saura ɗan. Hajo ta kamo wata tsohuwar 'yar ƙasa mai shayarwa, ta matse kan tsohuwar tsakanin gwiwoyinta safe da yamma, maraya na tsotso, tsohuwa na harbi. Ya rayu.

Yanzu a tudu yake, cikin talakawa. Maiwada ba ya kwance shi sai rana ta busar da raɓa, kuma kafin nan sai ya buɗe fatar idonsa ya duba. Ja take har yau. Guntun ragon unguwa kuwa, uban marayan, in ya leƙo zaure, an daina jifansa.