Yatsun Baba Direba

Da me ake auna zato, har mutum ya san ya kai a faɗa wa mai jinya? Baduku bai sani ba. Ga shi dai durƙushe a bakin gadon maƙwabcinsa, yana ƙara wa maɗaurin takalminsa huji saboda ƙafar ta kumbura.

"Wahalar banza kake," in ji Baba Direba. "Ina zan je da takalmi? Ni da ko ban ɗaki sai an kama ni."

"Za ka tashi, Baba."

"Bar ƙaryar nan, ba ka iya ta ba."

Ƙafar tana tafin hannun Baduku. Yatsu biyu na tsakiya manne suke, fata ɗaya ta haɗa su. Kowa a layin ya san labarin tsohon: uwarsa ta zo garin da shi a goye, ta rasu kafin ya yi wayo, ba ta bar sunan kowa ba. Duk shekarun da ya yi yana jan babbar mota, tashar da ya tsaya sai ya yi cigiyar danginsa. Har zolayarsa ake yi, wai sai ya gaisa da ƙafar mutum kafin ya dubi fuskarsa.

Abin da ba wanda ya sani, da damina wata mai sayar da yadi a babbar kasuwa ta zo awon takalmi wurin Baduku. Tana tuɓe na ƙafarta ya ga yatsun, iri ɗaya sak. Ta yi dariya ta ce, "Gadon gidanmu ne, haka kakata take. Ƙanwarta ma an ce haka, wadda ta yi fushi ta fita da jariri, har yau shiru."

Baduku ba ya sa wuƙa a fata sai ya maimaita awo, haka kuma yake da magana. Ya ce a ransa masu irin yatsun nan suna da yawa, matan da suka yi fushi suka fita sun fi su yawa. In ya faɗa, tsoho ya sa rai, abu ya tashi a banza, alhakin wa? Ya bari sai ya ƙara bincike. Aiki ya yi yawa, binciken bai yiwu ba.

"Kai da ƙafafun gari ke bi ta hannunka," in ji tsohon, "ba ka taɓa cin karo da irin tawa ba?"

Baduku ya duƙufa kan maɗaurin.

"Ko mai kama? Ko zato?"

"Ba na faɗin abin da ban tabbatar ba, Baba."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. "Ni ba tabbas nake nema ba, ɗan nan. Ƙofar da 'yata Auta za ta je ta yi sallama kawai." Sai ya janye ƙafarsa cikin mayafi. "To, shi ke nan. Ja mini labulen, hasken ya dame ni."

Kafin ƙarshen makon, da hantsi, Baba Direba ya cika.

An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Dangin matarsa marigayiya suka cika gefe guda. Wani baƙo da ya zo gaisuwa ya tsaya yana waige-waige.

"Ina 'yan'uwan mamacin?"

"Ni ce," in ji Auta, 'yarsa ɗaya da ta rage.

"A'a, ina nufin ta wajen iyayensa."

"Ni ɗin ce dai."

Baduku ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa.

Bayan an watse, ya tarar da ita ita kaɗai tana shara. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa.

"Auta, akwai wata magana. Ban tabbata ba. Ƙila ma ba komai ba ce."

Ya faɗa mata duka, idonsa a ƙasa. Tsintsiyar ta tsaya.

"Tun yaushe, Kawu?"

"Tun damina."

Ba ta zage shi ba, shi kuwa da zagin ya fi masa sauƙi. Ta jingine tsintsiyar, ta shiga ɗaki, ta fito da gyale a kafaɗa.

"In ba su ba ne fa?" ya tambaya.

"Sai mu gaishe su mu dawo."

Ya ja ƙofar shagonsa ya sa kwaɗo, rana tsaka. Suka kama hanyar kasuwa, yana gaba tana biye.