Kanyar Gidan Kaftin

Shekara saba'in da ɗoriya ke nan gidanmu na aika wa gidan Kaftin Oshikawa busasshiyar kanya duk ƙarshen shekara. Kakata ce ta fara, Inna ta gada, ni kuma nake shan wahalar ferewa da ratayewa. Dalilin ɗaya ne. Bayan yaƙin duniya na biyu Kaftin ya tako har ƙauyenmu a Yamagata, arewacin Japan, ya durƙusa gaban kakata, ya ce mijinta Genzo a hannunsa ya cika, harsashi ɗaya a ƙirji, ko wahala bai sha ba. Akwatin da soja suka aiko babu ko ƙashi a ciki sai ɗan dutse. Maganar Kaftin kaɗai muka binne.

Kaftin ya daɗe da mutuwa, ɗansa muke aika wa. Bana a katin godiyarsa ya ce ya kai littafin da tsohonsa ya rubuta ɗakin karatu na gidan tarihin yaƙi a Tokyo. Shi ke nan Inna ta tsare ni da ƙorafi. Shekararta tamanin da takwas, ido ya tafi, amma ta kafe sai ta ji abin da aka rubuta kan babanta.

"Sumie, in ba za ki kai ni ba, ɗora ni a jirgin ƙasa kawai. Bakina bai makance ba."

Na kai ta. A ƙofa aka sa muka kulle jakunkuna a ma'ajiya, aka karɓe birona aka ba ni fensir. Na cike ɗan fom, wata ma'aikaciya mai ladabi kamar ta narke ta kawo littafin da hannu biyu. Inna ta miƙe tsaye ta sunkuyar wa littafin kai. Wallahi wannan har yau yana ƙona mini rai.

"Wurin nan ba a ɗaga murya," in ji ma'aikaciyar. "Ki karanta mata a kunne."

Na yi ta buɗe shafuka ina neman sunan kakana, sai can kusan ƙarshe na gan shi. Kaftin ya rubuta cewa ranar da suka bar bakin wani kogi a wani tsibiri can kudu, ya ba da umarni a bar duk wanda ba ya iya tafiya. Su goma sha ɗaya. Ya karɓe 'yar shinkafar da ta rage musu ya raba wa masu ƙafa. Na huɗu a jerin shi ne Hatakeyama Genzo, zazzaɓi da yunwa. Kakana ya riƙe masa ƙafar wando yana cewa yana da 'ya 'yar shekara bakwai, Kaftin ya fizge ya wuce.

A ƙasa akwai layi biyu. "Iyalinsa na aiko mini kanya kowace shekara. Ban taɓa iya ci ba, maƙwabta nake ba."

Maƙwabta. Kakata ta yi ta fere kanya har yatsunta suka lanƙwashe, ashe maƙwabta take ciyarwa. Ji na yi kamar in yaga shafin in tauna, na tsani mutumin nan har cikin kabarinsa.

Inna ta zungure ni da gwiwar hannu. "Kin yi shiru. Ko ke ma idon ya tafi ne?"

Na kalli 'yar shekara bakwai ɗin, ga ta nan da furfura, ta karkato mini da kunne. Na kai bakina kusa.

"Ya ce Kaka jarumi ne. A hannunsa ya cika."

Ta gyaɗa kai, ta share ido da bakin hannun riga. "Ya ambaci kanyar?"

"Ya ce bai taɓa cin mai daɗinta ba."

"Kin gani ko? Ke da kullum mita." Ta laluba ta shafa bangon littafin. "Bana ki ƙara musu goma a kan talatin ɗin da muka saba, kuma ki zaɓi manya."

Ranar Litinin na kai ƙunshin gidan waya. Arba'in ne a ciki, duk manya.