Cokalin da Kaka Ya Ciza

Tun da kunnen Kaka ya mutu, bai taɓa jin muryar jikarsa ba. Ɗansa mai gyaran rediyo ya samo wani siririn ƙarfe da ke miƙewa yana tsukewa in maganaɗisu ya ratsa shi. Ya naɗe shi da waya, ya jona shi da makirufo, ya ɗaura shi a jikin cokalin katako. Ya yi wa tsohon alama ya ciji cokalin, ƙashin kansa zai kai sautin can cikin kunne.

Yarinyar ta matso bakin makirufon. "Kaka mai haɗama, har cokali za ka cinye mana?"

Kaka ya zaro ido, hawaye na bin gemunsa. "Ashe haka muryarki take? Ja'ira, ƙara zagina!"

Ya yi maza ya sake cizon cokalin.