Aljihun da Na Ɗinka a Dama

Ɗakina shi ne na ƙarshe a gidan hayarmu na Tudun Fulani, dab da rijiya. A nan nake kwana, a nan kekena na ɗinki yake. Shekara uku ke nan da na baro Paiko, amma in aka ce in faɗi wanda nake hira da shi a Minna, mutum ɗaya zan ambata, Mama Hadassah mai ɗaki na biyu daga ƙofa. Ita ce ke leƙowa da hantsi ta ce, "Bintu, ka karya kuwa?" Mace da namiji duk "ka" ne a bakinta. In na ce na karya, sai ta buɗe tukunyata ta duba da kanta.

Ɗanta Shekwolo keke napep yake ja tsakanin Bosso da Tunga. A shekarar 2014 mutum biyu ke neman kujera ɗaya a yankinmu. Masu bin ɗaya suna sa riga ruwan lemo, masu bin ɗayan suna sa shuɗiya. Shekwolo ɗan lemo ne. Yadin da aka raba musu ni ya kawo wa, na ɗinka masa riga mai gajeren hannu da aljihu a ƙirji. Ya sa, ya juya a tsakar gida.

"Madam Tela, in ogana ya ci, ke ce kwamishinar allura da zare."

Na sunkuyar da kai. Ban iya mayar da wasa ba, sai mutum ya tafi amsa take zuwa mini.

Bayan kamar wata guda wani mutum ya zo a mota, ya ce sunansa Ndaliman. Ya ajiye bandir ɗin yadi ruwan lemo a bakin ƙofata, ya ce riga ashirin yake so cikin kwana uku. Bai zauna ba, bai kawo awon kowa ba. Ya ce in yi su manya kawai.

Ni in zan sa aljihu, nakan ɗaga rigar in kara a ƙirjina, in ga inda hagu yake. Amma ran nan sauri ya hana ni. Rigar farko tana shimfiɗe tana kallona, na sa alli a hannuna na hagu, wanda shi ne damanta. Sauran duk a kanta na kwafa. Sai da na zo guga na ga kowane aljihu yana dama. Na fara farke ɗaya, reza ta yanka yadin, dole na ajiye ta na ɗinka wata a madadinta. Ita ma a dama na sa mata, don kada ta fita daban.

Da Ndaliman ya dawo na nuna masa. Ko kallo bai yi ba.

"Ba a aljihu ake zaɓe ba," in ji shi. Ya kwashe ya tafi.

Ranar Asabar aka ƙona wani shago a Tunga, na wani ɗan shuɗi mai ba da hayar kujeru da rumfuna. Ba a rasa rai ba, amma maigadin ya ƙone a hannu. Ranar Litinin ina ɗiban ruwa na ga matan gida sun yi shiru da Mama Hadassah ta nufo rijiya. Sai da ta wuce wata ta ce an ga Shekwolo a Fesbuk.

Wayata ƙarama ce mai tocila, ba ta nuna hoto. Na yi ta juya maganar har la'asar, sannan na sa mayafi na tafi wurin Luke, mai cajin waya a bakin titi. Na daɗe a tsaye kafin ya lura da ni.

"Ah, yau tela ta fito duniya. Caji ne?"

"Hoton nan nake so in gani, Oga Luke."

"Wanne daga ciki? Hoto ɗaya ne, amma labarinsa uku."

Ya fara da shafin 'yan shuɗi. Maza shida ne cikin rigar lemo a gaban shagon, hayaƙi a bayansu. Ɗaya ya ɗaure fuskarsa da hankici, an zagaye kansa da jan layi, an rubuta sunan Shekwolo da unguwarmu. Luke ya karanta mini abin da ke ƙasa. Wai wani na kusa da su ne ya tona, amma an ɓoye sunansa.

Ya koma shafin 'yan lemo. Su kuma sun ce hoton tsoho ne, daga wata ƙasa aka ɗauko shi, kuma mai shagon da kansa ya sa wuta don a tausaya wa ogansa. Shafi na uku ya ce duk wasan manya ne daga sama, da lemo da shuɗi mutum ɗaya ke ɗinka musu riga.

"To wanne ne gaskiya?" na tambaya.

"Kowa da fastonsa, 'yar'uwa. Ni dai caji nake yi."

Na roƙe shi ya ƙara girman hoton. Ya ja da yatsu biyu. Fuskokin suka dushe, amma ƙirjin na gaba ya fito. Aljihun yana dama. Na duba na biyu, na uku. Na mai hankici ma yana dama.

Na gaya wa Luke a hankali. Ya daina murmushi, ya kalli titi, ya rage murya.

"Ki bi a sannu. Waya takan juya hoto, hagu ya koma dama. Kada ki je ki faɗi abin da za a yi miki dariya."

Maganarsa ta ɗaure ni. Na karɓi wayar. A bayan mazan akwai allon wani shagon aski, rabinsa ya fito. A aji uku na tsaya a makaranta, karatuna a hankali yake, amma na bi haruffan ɗaya bayan ɗaya da farcena. Sun tafi daidai, ba su juye ba. A ƙasan allon kuma an rubuta Tunga.

Ke nan ba a juya hoton ba, kuma ba na wata ƙasa ba ne. Rigunan nawa ne. Wanda ke cikinsu ne ban sani ba.

Kwana biyu ban faɗa wa kowa ba. Na rufe ƙofa na yi ta taka keke, ko da babu abin da ke ƙarƙashin allura sai ƙyalle. Ina jin mazan gida suna gardama a zaure, kowa da wayarsa a hannu, kowa yana karanta wa ɗan'uwansa shafin da yake so. Wani ya ce Ndaliman ɗin da aka gani da mota yaron 'yan shuɗi ne. Wani ya rantse ya gan shi a taron 'yan lemo. Babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofata ya tambaye ni abin da ya kawo.

Ranar Laraba labari ya zo cewa Mai Unguwa zai zauna gobe bayan la'asar. In an tabbatar Shekwolo ne, za a miƙa shi ga hukuma, mai gidan hayarmu kuma ya ce Mama Hadassah za ta tashi daga gidan. Da yamma na iske Mama Hadassah tana tsince wake ita kaɗai. Na durƙusa na gaya mata komai. Ta ajiye faifan, ta riƙe hannuna da ƙarfi.

"Allah ne ya aiko ka. Gobe za ka zo ka faɗa musu ba yarona ba ne."

"Zan faɗi maganar riga, Mama."

"Shi ke nan ai. Duk ɗaya ne."

Na tashi na koma ɗakina.

A ƙofar gidan Mai Unguwa an shimfiɗa tabarmi. Maza sun fi talatin, 'yan shuɗi a gefe guda, 'yan lemo a ɗaya gefen, Shekwolo a tsakiya kansa a ƙasa. Mata muna can baya jikin katanga. An yi ta miƙa waya daga hannu zuwa hannu. Mama ta tura ni gaba. Na durƙusa, na gaida Mai Unguwa, muryata ba ta fita ba.

"Ɗaga murya, 'yata," in ji shi. "Ba mai cin ki a nan."

Na kwance ƙullin da na zo da shi. Riga biyu ce, ta Shekwolo da wadda reza ta yanka. Na shimfiɗa su gefe da gefe. Na faɗi yadda aka kawo yadin da yadda na yi kuskuren alli. Na ce a duba aljihun da ke hoton.

Kawuna suka taru a kan wayoyi. Wani ɗan shuɗi mai suna Gaiya, ƙanin mai shagon, ya fara magana.

"Wa ya koya miki wannan karatun? Uwarsa ko ogansa? Gida ɗaya fa suke, ranka ya daɗe."

"Babu wanda ya koya mini."

"To me ya sa kika yi shiru har kwana biyar?"

"Ranar Litinin na ga hoton. Sauran kwanakin tsoro nake ji."

Wani daga 'yan lemo ya miƙe, yana murmushi kamar an ba shi kyauta.

"Kun ji ko? Mun faɗa tun farko, hoton bogi ne, daga waje aka kawo shi."

"A'a," na ce. "Na nan ne. A Tunga aka ɗauke shi. Rigunan a ɗakina aka ɗinka su."

Murmushin ya ɓace. Ya kalle ni kamar na zage shi, ya zauna.

Mai Unguwa ya ɗauki rigar da ta yage, ya juya ta, ya sa tabarau ya duba hoton. Ya tambaye ni ko na san na wane ɓangare ne Ndaliman. Na ce ban sani ba, bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba. Ya gyaɗa kai. Sannan ya nuna mai hankici da yatsa.

"Tambaya ɗaya ta rage. Za ki iya rantsuwa wannan ba Shekwolo ba ne?"

Ban waiwaya ba, amma na san inda Mama take tsaye. Ina jin numfashinta a bayana.

"Ranka ya daɗe, riga na sani. Wannan ba rigarsa ba ce. Fuskar kuwa a rufe take."

"Zai iya sa ɗaya daga cikin ashirin ɗin?"

"Duk wanda aka miƙa wa zai iya sawa."

Na ji Mama ta ja wani dogon numfashi. Gaiya ya ce to ai magana ta ƙare, ita kanta ba ta wanke shi ba. Mai Unguwa ya ɗaga masa hannu. Ya tambayi wa ya zana jan layin, wa ya rubuta sunan. Babu wanda ya sani. Ya ce a kira mai shafin ya zo ya tsaya yadda yarinyar nan ta tsaya. Aka ce ba a san shi ba, ba ya sa sunansa.

"To ni ba zan miƙa ɗan mutane a kan layin da mara suna ya zana ba," in ji Mai Unguwa. "Wanda ya ga Shekwolo a Tunga da idonsa ya zo ya same ni. Maganar mai mota kuwa, ni zan kai ta inda ya dace."

Babu wanda ya fito. Aka tashi, kowane ɓangare yana gunaguni.

A hanyar gida Mama tana gaba, ina biye. Sai da muka zo kwanar gidanmu ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Kalma ɗaya ne, Bintu. Yaron da ka sani shekara uku. Kalma ɗaya."

"Ban ga fuskar ba, Mama."

"Ni ma ban gani ba. Amma da ni aka tambaya a kanka, da na rantse."

Ta shige ta bar ni a waje.

Washegari Luke ya tare ni a hanya ya nuna mini wayarsa. Shafin 'yan lemo ya rubuta cewa tela ta tona asiri, 'yan shuɗi ne suka ba ta aikin. Shafin 'yan shuɗi ya ce tela ta amsa cewa ita ke ɗinka wa 'yan daban lemo kaya. Dukansu sun sa kalmomi a bakina da ban taɓa faɗa ba. Na tambaye shi ko akwai inda ake rubuta cewa ba haka na ce ba. Ya ce akwai, a ƙasa, amma mutum ɗari uku sun riga ni.

Ba a kama Shekwolo ba, mai gida ma bai sake ta da maganar tashi ba. Ranar Lahadi, bayan sun dawo daga coci, ya same ni a bakin rijiya. Ya tsaya yana kallon guga yana sauka.

"Na gode," in ji shi.

"Ba komai."

"Har yanzu ba ki tambaye ni ba ko ni ne."

"Ban tambaya ba."

Ya jira. Na san in na tambaya zai ce ba shi ba ne, kuma ina so ya zama haka, fiye da yadda yake zato. Amma amsarsa ba za ta ƙara mini sanin da ban da shi ba. Na jawo gugan, na juye a bokiti. Ya ɗan ƙara tsayawa, sannan ya ɗauki bokitin ya kai mini ƙofar ɗaki, ya ajiye, ya koma wurin uwarsa.