Soyayyar Fara a Aji Biyu

Rahmatu 'yar birnin Daura ce, irin waɗanda ba su san fara ba sai a faranti. Kwaleji ta turo ta gwajin koyarwa wata firamare a bayan Zango, saura dubawa ɗaya tak. Ran Talata Malam Abdulbaƙi, mai dubawa daga kwaleji, zai zo ya zauna a bayan aji, mutumin da ko murmushinsa sai an roƙa. In ya ce darasi bai yi ba, sai ta maimaita shekara. Ga shi bakinta bai da linzami, ta riga ta gaya wa dangi kaf ta gama.

Darasin zane ta zaɓa. Ran Litinin ta ce wa 'yan aji biyu kowa ya kamo fara gobe, a duba a zana. Lokacin kaka ne, fara har cikin kwanon tuwo take faɗawa.

To, iyaye mata suka ji wai Malama na son fara. Kande, uwar wata 'yar ajin mai suna Hasana, ta riƙe haɓa. "Baƙuwa guda a kai mata ɗanyar fara, sai ka ce kaza? Ba daga gidana ba." Magana ta bi katanga. Da safe kowane yaro ya zo da ƙullin leda: fara soyayya, an fige ƙafafu da fukafukai, an barbaɗa yaji.

Malam Abdulbaƙi ya shigo, ya shaƙi ƙamshi, ya buɗe littafinsa.

Rahmatu ta ɗauki ɗaya tana juyawa. Gangar jiki kawai, kamar guntun kara. Don dai kada a ji shiru ta ce, "Wa ya cire mata ƙafafu?"

"Ni ce, Malama!"

"Ni na fige kwano guda!"

Ashe duk da su aka yi figar. Ta tsaya tana kallon hannayen da suka ɗaga. Sai ta ce kowa ya ɗora fararsa a tsakiyar takarda, ya mayar mata da fensir abin da ya cire. Ta juya wajen allo don ta nuna musu, ta zana fiffike biyu.

"Malama, huɗu ne," in ji Hasana. "Na ciki a naɗe yake kamar mafici. Sai kin ja na sama."

"Ƙafar baya kuma da ƙaya," in ji Auta, yaron da ke kusa da ita, yana nuna babban yatsansa. "Ga inda ta karce ni."

Rahmatu ta goge allon, ta miƙa wa Hasana alli. Wata uku tana koyar da yaran nan, ba ta taɓa tambayarsu abin da suka sani ba.

Aji ya yi tsit, sai ƙarar fensir. Man suya ya ɓata takardu. Auta ya cinye tasa tun kafin ya gama, ya ƙarasa zanen da ka.

Malam Abdulbaƙi ya bi layi yana duba zanen ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan na Hasana. Da aka kaɗa ƙararrawa ya ce, "Malama, haka kika shirya darasin nan?"

Ƙarya ta zo mata har leɓe. Ta haɗiye.

"A'a, Malam. Kuskure aka yi."

Ya jinjina kai, ya sa hannu a takardarta. "Ba sai na dawo ba," ya ce. "Allah ya ba da sa'ar aiki."